An aiko wa Hajiyarmu bitamin D3 da K2 domin ƙashi, ta fara sha ko ta dakata?

Abu Sadiƙ, Agege:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda Allah ya ba ilimin lafiya a wannan zaure, da kuma waɗanda suka taɓa jinyar iyaye a kan irin abin da zan faɗa.

Mahaifiyata shekararta 68, kuma shekara huɗu ke nan da na ɗauko ta daga Funtuwa bayan rasuwar mahaifinmu, tana zaune tare da mu a nan Agege. Can gida tun hantsi tana tsakar gida, ko shanya ko tankaɗe ko ba awaki dusa, ba ta shiga ɗaki sai rana ta take. Nan kuwa a hawa na biyu muke a gidan haya, babu tsakar gida, barandarmu tana kallon bangon maƙwabta, matakalar bene kuma ta zame mata aiki, don haka takan yi mako biyu ba ta taka ƙasa ba, ranar da ta sauka ma asibiti za mu ko gidan suna, cikin hijabi har ƙasa da safa. Tun bara take kuka da ciwon gwiwa da ƙugu, a 'yan watannin nan kuma ta ƙara da cewa cinyoyinta sun mutu, idan ta zauna a kan darduma sai an kama ta kafin ta miƙe, har ta koma yin salla a kan kujera, abin da ya fi shi ciwon damunta. Ita dai ta ce sanyin ƙashi ne, kuma damshin Legas ne ya jawo mata.

Ƙanwata da take aure a Jidda ta aiko da roba biyu ta ƙwayoyi ta hannun wani da ya dawo daga Umara. A jikin robar an rubuta cewa kowace ƙwaya tana ɗauke da bitamin D3 mai ma'aunin IU 5,000 da bitamin K2 nau'in MK-7 maikirogiram 100, a sha ɗaya kullum. Ta ce a can mata da yawa suna sha, kuma an yi mata bayani cewa D ne yake jawo kalsiyam daga abinci, K kuma shi yake kai shi cikin ƙashi, wai idan aka sha D shi kaɗai a jijiyoyin jini kalsiyam ɗin zai taru.

Shin IU 5,000 a kullum bai yi wa mai shekarunta yawa ba? Shin da gaske ne D ba ya amfani sai da K? Sannan wanda yake zaune a Legas, inda rana ba ta yankewa, yana ma iya rasa bitamin D? Magungunan da take sha a yanzu su ne amlodipine na hawan jini, da warfarin da aka ɗora ta a kai shekara uku da suka wuce saboda matsalar ƙofar zuciya da bugun da ba ya tafiya daidai. Ban ba ta ko ƙwaya ɗaya ba tukuna, amma kullum sai ta tambaye ni ina maganin da 'yarta ta aiko.

Maman Zainab, Idi-Araba:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar da kake yi da ita. Aikina harhaɗa magunguna ne, kuma zan fara da abin da ka ambata a ƙarshe, domin shi ne mafi nauyi a duk bayaninka: kada Hajiya ta haɗiyi ko ƙwaya ɗaya har sai likitan da ya ɗora ta a kan warfarin ya ga robar nan da idonsa.

Babban aikin bitamin K a jiki na daskarewar jini ne. Hanta tana buƙatarsa kafin ta kammala haɗa huɗu daga cikin furotin da suke sa jini ya tsaya idan an ji rauni, shi ya sa ake yi wa jarirai allurarsa ranar da aka haife su. Harafin K ɗin ma daga kalmar daskarewar jini a Jamusanci aka ɗauko shi, kuma a kan gano shi ne aka ba Henrik Dam, mutumin ƙasar Denmak, lambar Nobel ta 1943. Shi kuwa warfarin aikinsa shi ne ya hana jiki sake sarrafa bitamin K domin jini ya rage saurin daskarewa, ke nan wanda yake shan warfarin ya ɗora bitamin K a kai, tufka da warwara yake yi. Gwajin INR da ake yi wa Hajiya lokaci-lokaci domin auna tsawon lokacin da jininta yake ɗauka kafin ya daskare, wanda galibi ake son ya tsaya tsakanin 2 da 3, shi ne zai sauka, kuma ga mai irin ciwon zuciyarta saukarsa tana nufin gudan jini na iya haɗuwa a zuciya ya tafi ƙwaƙwalwa, a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki, Allah ya kiyaye. Nau'in MK-7 ya fi sauran haɗari ta wannan fuska, saboda yana kwanaki a cikin jini, saɓanin K1 na ganye da yake barin jini cikin sa'o'i, kuma a Holan an gwada an ga cewa abin da bai kai rabin maikirogiram 100 ba ma yana sauke INR sosai. Akwai haɗari na biyu da ba a cika lura da shi ba. Idan ta fara sha likita bai sani ba, ya ga INR ya sauka ya ƙara mata warfarin, ranar da robar ta ƙare sai jinin ya tsinke fiye da kima, ta fara haɓo ko zubar jini ta dasashi, ko ma ta ciki inda ba a gani.

Kada jin wannan ya sa ku hana ta miyar ganye. Alayyahu da zogale da lalo da ugu duk suna da K1 mai yawa, amma abin da ake so ga mai shan warfarin shi ne ya riƙa cin su yadda ya saba, kada ya yi mako guda babu ganye sannan ya yi wani makon yana cin kwaɗon zogale safe da yamma, domin a kan abincin da ta saba ci aka daidaita mata yawan maganin.

Maganar da aka faɗa wa ƙanwarka tana da tushe, sai dai an kai ta inda hujja ba ta kai ba. Gaskiya ne akwai wani furotin a ƙashi mai suna osteocalcin, da wani a bangon jijiyoyin jini, waɗanda ba sa kama kalsiyam sai bitamin K ya gyara su. Amma da aka zo gwadawa a jikin mutane, sakamakon bai tafi bai ɗaya ba. A Holan, a rahoton 2013, an ɗauki mata 244 da suka daina al'ada, aka ba wasunsu MK-7 maikirogiram 180 kullum har shekara uku, aka ga ƙashinsu ya ɗan rage saurin zaizayewa. A Kanada kuwa, a rahoton 2008, an gwada K1 miligiram 5 a kullum a kan mata 440, ba a ga ya kare cikar ƙashinsu ba. Japan da ake yawan kafa hujja da ita tun 1995 take ba masu zaizayar ƙashi wani nau'in bitamin K2 mai suna MK-4, amma a matsayin maganin asibiti, miligiram 45 a rana, wato ninki 450 na abin da ke cikin ƙwayarku, kuma wasu daga cikin rahotannin da suka fi yabon sa mujallun da suka buga su sun janye su daga baya, saboda an gano ba gaskiya aka rubuta ba. Shi ya sa ƙa'idojin jinyar zaizayar ƙashi a Amurka da Ingila ba su sa bitamin K cikin abin da ake ba kowa ba. Abin da baligi yake buƙata a rana bisa ma'aunin Amurka maikirogiram 90 ne ga mace, 120 ga namiji, kuma mai cin miyar ganye daga tukunyarsa yake samu. Bitamin D kuwa yana yin aikinsa a hanji ko an haɗa shi da ƙwayar K ko ba a haɗa ba.

Sai batun IU 5,000. Ma'aunin Amurka ya ce IU 600 a rana har zuwa shekara 70, bayan nan 800, a Ingila kuma ana ba waɗanda ba sa fita waje da masu rufe jikinsu shawarar IU 400 kullum duk shekara. Iyakar da aka gindaya wa baligin da yake sha da kansa ita ce 4,000, ka ga ƙwayarku ta tsallake ta. Likita yakan rubuta abin da ya fi haka nesa, amma na 'yan makonni, bayan gwajin jini ya tabbatar da ƙaranci. Bitamin D ba ya fita ta fitsari kamar bitamin C, a kitse yake taruwa, kuma idan ya yi yawa sai kalsiyam ya hau a jini, a ga ƙishirwa da yawan fitsari da tashin zuciya da taurin bayan gida, wani lokaci ruɗewa, ƙoda kuma ta yi tsakuwa ko ta samu illa. A jikin tsoho waɗannan alamomi sukan wuce a matsayin tsufa, babu wanda zai kawo ƙwayar bitamin a ransa.

Alhaji Mai Albasa, Mile 12:

Salamu alaikum. Ɗana Abu Sadiƙ, Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka. Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, ɗan kasuwa ne, shekarata 31 a Mile 12. Abin da Maman Zainab ta faɗa a kan haɗa magani da magani na karɓa, ba ni da ja. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai cikin bayaninka shi ne zaman benen nan.

Mahaifiyata ta haura 90 kafin Allah ya karɓi abarsa, a ƙauyenmu ta wajen Aliero, ba ta taɓa sanin wata ƙwayar bitamin ba, amma kullum sai ta sha fura da nono, kuma har shekararta ta ƙarshe da ƙafarta take zuwa gaisuwa. Mu da muke Kudu muna ɗauko iyayenmu da niyyar mu hutar da su, sai mu ɗora su a sama mu ja ƙofa, mu fita tun asuba saboda cunkoson hanya mu dawo bayan isha'i, tsohuwar da ta saba da rana da jama'a da aikin hannu ta koma daga gado sai darduma. Na ga wannan a gidajen abokaina ba ɗaya ba ba biyu ba, kuma duk wadda aka yi wa haka kafin shekara ta zagayo ƙafa ta fara ba ta wuya. Shawarata, idan kuɗin hayarku ya ƙare ka nemi ɗaki a ƙasa ko da ya fi wannan ƙanƙanta, kafin nan kuma a riƙa kama ta ana sauko da ita da hantsi ta zauna da matan gidan. Agege ba ta rasa nono da kindirmo, ga kifin Titus, ga busasshen kifi, ganye kuma ka zo wajenmu ka ɗiba. Ina tambayar masana: rana da abinci ba za su wadatar ba, lalle sai an kai ga ƙwaya?

Malam Ɗan Jos, Ebute Metta:

Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gashin ƙashi ne, kuma tsofaffi irin Hajiya su ne mafi yawan waɗanda nake gani. Baba Alhaji, maganarka a kan hanya take, zan ɗora a kanta ne da abin da na sani.

Legas ba ta kai digiri 7 daga tsakiyar duniya ba, saboda haka hasken da fata take buƙata yana nan rani da damina. Sai dai wani kaso ne na hasken rana, wanda ake kira UVB, yake sa fata ta haɗa bitamin D, daga nan hanta ta juya shi, ƙoda ta ƙarasa, sannan ya je ya taimaki hanji wajen tsotse kalsiyam. Wannan haske ba ya ratsa gilashin taga, ba ya ratsa tufafi masu kauri, baƙar fata tana buƙatar lokaci fiye da fara, fatar tsoho kuma ba ta haɗa shi kamar ta yaro. Ke nan ɗan'uwa Abu Sadiƙ, amsar tambayarka ta uku ita ce e, mutum yana iya zama a Agege ya rasa bitamin D kamar wanda yake Landan, muddin ranar ba ta taɓa fatarsa.

Abin da nake so a lura da shi sosai shi ne ciwon da muke tarawa mu kira sanyin ƙashi ba iri ɗaya ba ne. Akwai amosanin gwiwa, inda guringuntsin gaɓa yake cinyewa, kuma wannan bitamin D ba ya mayar da shi. Akwai zaizayar ƙashi da take kama mata bayan ɗaukewar al'ada, ita kuwa ba ta ciwo sam, sai ranar da aka yi ɗan tuntuɓe ƙugu ko wuyan hannu ya karye, ko a ga tsohuwa tana rage tsawo tana ranƙwafawa, kuma da hoton da ake kira DEXA ake auna ta. Sannan akwai laushin ƙashi, wanda ƙarancin bitamin D mai tsanani yake kawowa, alamarsa ciwo mai nauyi a ƙugu da baya da haƙarƙari, tare da mutuwar cinyoyi har mutum ya kasa tashi daga zaune ko hawa matakala. Abin da ka faɗa game da darduma ya sa na tuna wannan na uku, kuma shi ne wanda magani yake yi wa aiki ƙwarai. Don haka ku roƙi likita ya auna mata bitamin D a jini, tare da kalsiyam da fosfet da aikin ƙoda. Abin da ya gaza nanogiram 12 a mililita ƙaranci ne, 20 zuwa sama kuma ya wadatar da mafi yawan mutane.

Ni a Jos na tashi, kuma can aka yi wani bincike da ya kamata kowane ɗan Najeriya mai maganar ƙashi ya san shi. An buga shi a 1999. Yara 123 masu gwame da ƙafar baka aka kasa uku, wasu aka ba su bitamin D, wasu kalsiyam, wasu duka biyun, har mako 24, sai aka ga waɗanda suka samu kalsiyam, ko da D ko babu, sun fi waɗanda aka ba D shi kaɗai warkewa nesa ba kusa ba. Yaran nan rana ba ta yi musu ƙaranci ba, abincinsu ne ba ya ba su fiye da kimanin miligiram 200 na kalsiyam a rana. Tuwon masara da shinkafa da doya suna cika ciki amma kalsiyam ɗinsu kaɗan ne, alhali macen da ta haura 50 ma'aunin Amurka miligiram 1,200 ya yanka mata, kofin madara guda kuma kimanin 300 yake bayarwa. Bitamin D ɗan dako ne, idan babu kaya a abincin babu abin da zai ɗauko. Nonon da Baba Alhaji ya ce mahaifiyarsa tana sha kullum ba ƙaramin abu ba ne, haka ma ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu, da sardin na gwangwani, da riɗi da kuka da tamba. Shi kuwa D a abinci kaɗan ne, sai a kifi mai maiƙo irin Titus da shawa, da gwaiduwar ƙwai da hanta, shi ya sa idan ƙarancin ya yi nisa abinci kaɗai ba ya cike gurbin da wuri.

A kan ko sai an kai ga ƙwaya, ya danganta da wanda ake magana a kansa. A Faransa, a rahoton 1992, an ɗauki tsofaffin mata 3,270 da suke zaune a gidajen kula da tsofaffi, aka ba rabinsu kalsiyam giram 1.2 da bitamin D IU 800 kullum na wata 18, karayar ƙugu ta ragu da kashi 43 cikin 100 a cikin waɗanda suka kammala shan maganin. A Amurka kuma, a rahoton 2022, mutum 25,871 masu harkokinsu, waɗanda ba don ƙaranci aka zaɓe su ba, an ba rabinsu IU 2,000 kullum sama da shekara biyar, karaya ba ta ragu ba. Ɗan kasuwar da yake yini a rana a Mile 12 ya fi kama da mutanen Amurka ɗin nan, Hajiyar da take hawa na biyu kuwa ta fi kama da matan Faransa. Yawan ma'auni ma ba shi ne samun lafiya ba, domin a Ostareliya, a rahoton 2010, tsofaffin matan da aka riƙa ba IU 500,000 sau ɗaya a shekara sun fi waɗanda ba a ba su ba faɗuwa da karaya.

Faɗuwa ita ce abin da nake tsoro ga mai shan warfarin, saboda buguwar kai da wani zai tashi ya kaɗe jikinsa ita tana iya sa mata zubar jini a ƙwaƙwalwa. Ku duba tayil ɗin banɗakinta, ku sa mata abin riƙewa a bango da kujerar wanka, ku bar mata fitila da dare, sannan ta riƙa tashi daga kujera tana zama sau biyar zuwa goma safe da yamma wani yana tsaye kusa da ita.

Abu Sadiƙ, Agege:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na jinkirta amsa ne har mu je asibiti. Likitan zuciyarta da ya karanta jikin robar ya ce a ajiye ta, kamar yadda Maman Zainab ta faɗa. INR ɗinta 2.4 ne, bitamin D kuma ya fito nanogiram 10, hoton gwiwa ya nuna amosani. An rubuta mata D shi kaɗai, IU 50,000 sau ɗaya a mako har mako takwas, daga nan ta koma ƙarami na kullum, a sha bayan abinci mai ɗan maiƙo, aka kuma ce mu ƙara mata madara da kindirmo. Baba Alhaji, na fara cigiyar ɗaki a ƙasa, kafin nan kuma mun samu wani lungu a bayan gidan da maza ba sa bi, inda take zama da hantsi hannuwa da ƙafafu a buɗe. Ƙanwata ta ji babu daɗi da farko, amma da na karanta mata bayanin warfarin sai ta yi ta hamdala da ban yi gaggawa ba.

Sai dai wani abu ya taso yau da safe wanda ya ɗaga mini hankali. Maiɗakina tana gyara gadon Hajiya ta tarar da ƙullin leda a ƙarƙashin matashi, cike da ƙwayoyi babu kwali babu suna, wasu ƙanana farare, wasu masu ruwan ƙasa. Da muka tambaye ta a hankali ta ce haɗin ciwon jiki ne da wata maƙwabciya take sayo mata a wani kemis, kusan wata bakwai tana sha kowane dare, ba ta faɗa ba ne don kada ta ƙara mini kashe kuɗi. Yanzu ne na tuna cewa fuskarta ta ciko a watannin nan, mu kuwa muka ɗauka hutu ne ya karɓe ta. Ranar komawarmu asibiti sai nan da mako uku. In ƙwace ledar in zubar, ko yaya zan yi?

Maman Zainab, Idi-Araba:

Kada ka zubar, kuma kada ka jira mako uku. Ka nemi likitan yau ɗin nan, idan bai samu ba ku tafi sashen gaggawa da ledar a hannu.

Irin wannan haɗi galibi abu biyu ne a ciki, maganin ciwo dangin diclofenac ko piroxicam, da kuma dexamethasone ko prednisolone, wato magungunan da ake kira steroid, masu kwaikwayon wani sinadari da jiki yake haɗawa da kansa, kuma cikowar fuskar da ka ambata tana nuni ga na biyun. Na farkon yana cin bangon ciki, idan ya haɗu da warfarin kuma yana iya jawo zubar jini mai tsanani, don haka ka sa maiɗakinka ta tambaye ta ko bayan gidanta ya koma baƙi kamar kwalta, ko tana jin jiri idan ta miƙe, ko ta yi amai mai duhu, in akwai ɗaya daga ciki to yanzu za ku fita. Na biyun kuwa yana daga cikin magungunan da suka fi zaizaye ƙashi, yana kashe naman cinya, yana tayar da hawan jini da sukari, ke nan mai yiwuwa yana da hannu a kasa tashin da take yi, kuma likita zai so ya sani domin yanzu hoton DEXA ya zama abin dubawa, wataƙila har da maganin zaizayar ƙashi na musamman. Amma wanda ya yi watanni yana shan sa ba a yanke masa rana ɗaya, saboda jiki ya rage haɗa nasa sinadarin, idan aka cire kwatsam jini na iya faɗuwa mutum ya galabaita. A hankali ake janye shi bisa tsarin likita, shi ya sa ba na son ka yanke hukuncin da kanka. Ko farasitamol ma likitan ya faɗa muku iyakar da za ta sha, domin yawan shan sa kullum yana ɗaga INR.

Ka lallaɓa Hajiya, kada ta ji kamar an kama ta da laifi, tausayinka ne ya sa ta ɓoye, kuma idan ta ji kunya yau gobe ba za ta faɗa muku abin da take sha ba. Ka tambaye ta ko akwai wani jiƙo ko garin magani ko man shafawa da take amfani da shi, ka haɗa duka da ledar da robar Jidda da katin INR ɗinta a jaka ɗaya ku tafi da su.